Ranar Da Na Ture Surukina

Har gobe ban manta da ranar da surukina, Malam Sa'idu na Bafarawa, ya biyo ni wurin aiki ba. Lokacin ni ne babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a sashen kimiyyar lissafi na wata jami'a, ina kula da na'urar leza.

Ga yadda take aiki. Ana dumama garin sinadarin makuri, wato zaiba, a cikin bututu har ya zama tururi. Sai a harba masa hasken eksire, irin na hoton ƙashi, don ya share wa wuta hanya, kamar yayyafi kafin shuka. Sannan a saki wutar da aka tara a manyan tukwanen lantarki, haske shuɗi-kore ya fito. Tukwanen nan ko an kashe na'ura suna riƙe da wutar da za ta kashe sa.

Doka ita ce ƙofa a rufe, domin da an buɗe ta makunni yake yanke komai. Ni kuwa zafi ya ishe ni, na ɗaure makunnin da roba, na bar ƙofa a buɗe. Wayo ya kashe mai shi.

Ƙarar na'ura ta hana ni jin sallama. Ina waiwayowa na ga tsoho ya tuɓe takalma a bakin ƙofa don ladabi, ya shigo ƙafa ba komai, yana miƙa hannu zai dafa ƙarfen tukwanen.

Mu Gobirawa kun san mu da kunyar suruki. Shekara tara ban taɓa haɗa ido da shi ba, a durƙushe nake gaishe shi. Wallahi sai da bakina ya yi nauyi. Na buga makashin gaggawa, na yi tsalle na ture shi, ya faɗi zaune, rawaninsa ya warware.

"Mi na yi maka, ɗana?" ya ce.

Na ɗauko sandar da ke zuƙe wuta zuwa ƙasa, na sauke wutar tukwanen a gabansa. Ta yi ƙara kamar bindiga. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Da ka tsaya kunyata, da yau ɗiyata ta zan marainiya."

Farfesa shugaban sashenmu ya ba ni takardar tuhuma a kan robar, na kuma cancanta. Ku da kuke tasowa, kunya ado ce a gida, amma a wurin aiki mai haɗari a bar ta waje tare da takalma. Laifin ma ba na tsoho ba ne, ni na buɗe ƙofar.