Ranar da Firjin Ya Dafa Ƙwan Zabi

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a birni, na dawo ƙauyenmu da ke bayan Tofa, ba aiki, ba alamarsa. Lokacin ne kwanon masara ya fi ƙarfin magidanci, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ni kuwa ina zaune a ɗaki, ana zuba mini tuwo kamar kowa.

Gonakinmu a matse suke, ta wannan ta jingina da ta wancan, babu filin kiwo. Abin da mata ke riƙe da shi kaji ne da zabi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba. Da damina za ta zuba ƙwai a cikin ciyawa ta yi tafiyarta, sai a tsinto a sa wa kaza. A shekarar kuma an sayar da yawancin kajin, sauran cuta ta kwashe. Ƙwai ga shi, mai kwanci babu.

Sai na ce zan haɗa injin ƙyanƙyasa. Kawuna ya ba ni gawar wani tsohon firji, na sa masa fitilu masu ba da zafi, da ma'aunin zafi, da faifan sola da batir. Abin da zai tafiyar da su duka wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, wadda na rubuta wa manhaja da wani yaren kwamfuta da ake kira C. Aikinta ta duba zafi, in ya yi ƙasa ta kunna fitilu, in ya kai ta kashe. Ɓangaren da ke nuna lambar zafi a ɗan allon da na liƙa a ƙofar firjin ba ni na rubuta ba. Wata ƙawata ta makaranta da ke Bacirawa ce ta turo mini nata, na haɗa da nawa, ya yi aiki, ban ƙara bi ta kansa ba.

Na gwada da ƙwan gidanmu, 'yan zabi suka fito. Inna ta kasa riƙe bakinta. Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunana, amma a satin nan har bakin rijiya ana jin ta tana cewa, "Yarinyar nan ce ta yi, da hannunta." Mata suka fara shigowa da ƙwai a ƙwarya. Gwaggona ta kawo. Maƙwabciyarmu, wata bazawara da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ita ma ta kawo nata a naɗe cikin gefen zani. Ta ce da niyyarta ta dafa ta aika tasha a sayar, amma in za su zama zabi, gara ta haƙura. Kowace ta yi wa nata alama da gawayi ko lalle. Na cika firjin har ba wurin sa yatsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya lafiya. Har na fara haska ƙwan da tocila ina nuna wa masu shi jijiyoyi da ɗan duhun da ke motsi a ciki.

Ranar da abin ya faru an tashi da hadari, aka yi ta yayyafi har hantsi. Na tafi bikin suna a Ungogo, na ce wa Inna ta riƙa leƙa allon, in dai lambar ba ta canza ba, komai daidai ne. Da azahar rana ta buɗe da ƙarfi. Na dawo bayan la'asar, tun daga tsakar gida na ji wani wari kamar ana ƙona gashi.

"Inna, kin duba?"

"Na duba mana. Ga lambarki nan, ko motsi ba ta yi ba."

Gaskiya ta faɗa. Lambar na nan daram. Na buɗe ƙofar, zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Fitilun duka suna ci. Na ɗauki ƙwai ɗaya, na sake shi don zafi, ya fashe a ƙasa. Ɗan zabon ciki ya riga ya yi baki da ƙafafu.

Inna ta tsaya a bayana ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Gwaggo ce ta fara zuwa. Ta leƙa firjin, ta dube ni, ta ce, "Da a tukunya kika dafa, da yara sun ci." Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi cin raina ke nan. Ƙwan ba ya ciyuwa, don akwai 'ya'ya a ciki. Baba ya haƙa rami a bayan gida muka zuba. Ina ganin alamun gawayi da lalle suna gangarawa, na san gidan kowane ɗaya.

Na daina fita. Ko rijiya ba na zuwa. In na ji sallamar mace sai in shige ƙuryar ɗaki in bar Inna da ba da haƙuri, ita da babu abin da ta yi sai duba allo kamar yadda aka ce mata. A ɗakin na zauna ina bin rubutun layi-layi har na gano.

Ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura ƙarama ce. Duk lokacin da manhaja za ta ajiye wani abu, sai ta nemi wuri, in ta gama ta saki wurin don wani ya samu. A yaren C ba mai yi maka wannan, kai za ka rubuta inda za a saki, kuma sau ɗaya tak ake saki. Ɓangarena yana neman wuri ya ajiye lambar zafi, ya miƙa wa ɓangaren ƙawata ya nuna a allo. Ni a wurina aro na ba shi. Ashe nata, da ya gama nunawa, sakin wurin yake yi, don a aikinta shi ne mai abin. Nawa kuma na rubuta masa cewa duk ranar da batir ya yi ƙasa, ya saki duk abin da yake riƙe da shi. Ba a taɓa samun irin wannan rana ba sai ranar hadarin. Ya saki abin da aka riga aka saki, na'urar ta rikice ta sandare, fitilu a kunne, tsohuwar lamba a allo. Da rana ta fito batir ya cika, fitilun suka samu abin ci.

Na kira ƙawata na gaya mata. Ta yi salati, ta ce, "Ai nawa ne ke saki. Ban faɗa miki ba?"

"Ba ki faɗa ba."

Ta ce, "Ke ma ba ki tambaya ba."

Na sake rubutun yadda ɓangare ɗaya ne kawai ke da ikon saki, sauran su duba su mayar. Na ƙara wani makunni da zai yanke wutar fitilu da kansa in zafi ya wuce, ko na'urar tana raye ko ta mutu. Daga baya na koyi wani yare da ake kira Rust, wanda ba ya ma yarda manhaja ta tashi sai an fayyace wa ke da kowane abu da kuma wa ya ara. Ranar da ya fara ƙin karɓar rubutuna a kan irin wannan kuskure, rufe kwamfutar na yi na fita tsakar gida.

Kafin damina ta ƙare Inna ta tara ƙwan zabinta, ta hana a ci ko ɗaya, ta ce in sa. Na sa, na tare a gindin firjin kusan wata guda, ina cusa hannu ciki ina jin zafin da fatata. Suka fito. Inna ta zuba su a ƙwarya ta rufe da faifai, ta ce in tashi mu raba gida-gida. Na ce ba zan iya ba. Ta dube ni, ta yafa mayafinta ta tafi ita kaɗai.

Gwaggo ta karɓa, sauran ma suka karɓa. Bazawarar nan ce kawai ta biyo Inna har gida da nata a hannu. Ina ɗaki ina jin su.

"Haba, ki riƙe mana," in ji Inna.

"A'a wallahi. Abin da Allah ya yi ne. Yarinya taimako ta nufa. Ku ma ba ku da shi." Ta ɗaga murya kaɗan don in ji. "Ki ce mata ta fito, mutane na tambayarta."

Ta ajiye 'yan zabin a bakin ƙofata ta tafi. Suna ta kuka a wurin, ni kuma na kasa ɗaga labule, sai da Inna ta zo ta kwashe su.