Mai Shebur na Layin Cragg

Wani dare cikin hunturu, gab da asuba, mutanen Layin Cragg suka ji wata ƙara: ƙarrr, shiru, ƙarrr, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Glenys Firth, wadda mijinta Arnold ke fama da ciwon ƙoda, ta ɗauka tudun da muke kai ne ya fara zamewa da gidajenmu. Ni kuwa na zaci masu haƙar kwal na da ne ke ci gaba da aikinsu a ƙarƙashinmu, don na daɗe ina zargin ba a gaya musu an rufe ramin ba. Da aka ɗaga labule, sai ga Neville Sugden, mai sharar ƙaramar hukuma, da shebur da baro, yana kankare ƙanƙarar titi. A lokacin gashinsa baƙi wuluk. Yau kansa fari fat, kuma babu hunturun da ƙarar nan ta fasa.

Aikin da ake biyansa a bakin kasuwa yake, layinmu ba ya ciki. Motar watsa gishirin narkar da ƙanƙara ba ta hawo mana, don layin ya yi mata ƙunci da tudu. Abin da hukuma ta yi shi ne ta ajiye akwati rawaya a kwana, ta cika shi da jan gishirin nan da aka ce daga wani tsohon teku da ya bushe a ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, ta ce mazauna layi su riƙa watsawa a titi. Mazauna layi! Mutanen da duk suka haddace magana ɗaya: wai idan ka share gaban gidanka wani ya zame, kai za a maka a kotu, amma idan ka bar dusar ƙanƙarar yadda ta zubo, laifin sama ne. Babu wanda ya taɓa ganin wanda aka kai kotun. Kowa dai ɗan'uwan surukinsa ne ya sani.

Don haka kafin ya tafi kasuwa, Neville yakan hawo daga gidansa da ke gindin tudu, ya kankare, ya watsa, ya sauka. Mu kuma muna leƙe ta labule, kofin shayi a hannu, har da masu ƙorafin ya hana su barci.

"Neville, ina gaya maka don Allah," in ji Trevor Pickles, mai gida na sama da akwatin, "wata rana lauya zai raba ka da wandonka."

"In ya iya hawowa tudun nan, Trevor, ni na share masa hanya."

Bara ne abin ya kai maƙura. Ranar da motar asibiti za ta ɗauki Arnold wankin ƙoda, dusa ta kwana zuba, sanyi ya mai da ita gilashi. Wankin nan ba a ɗaga shi, in ya wuce jikin Arnold kumbura yake. Motar ta iso gindin tudu, ta gwada, ta zamo baya. Neville ya buɗe akwati, wayam, ko ƙwaya babu. Amma ga wani jan layi siriri a kan farar dusa, ya tashi daga akwatin ya miƙe har ƙofar garejin Trevor.

Abin da ba a yi a layinmu shi Neville ya yi: ya buga ƙofar mutum tun gari bai waye ba. Trevor ya leƙo ta taga da rigar barci.

"Wa ya mutu?"

"Babu tukuna. Fito da gishirin."

"Haraji nake biya, malam! Rabona na ɗiba."

"Na titi ne, ba na gindin motarka ba, sarkin rowa," Glenys ta ɗaga murya daga ƙofarta. "Ka ƙi share hanya don tsoron doka, amma ka iya kwashe kayan gwamnati a buhu? Sauko, ko in zo in sauko da kai!"

Aka buɗe gareji. Neville ya loda buhunan a baro, ya bi tudun da baya yana watsawa, kamar mai shuka, har gindi. Motar ta hawo a hankali. Da aka fito da Arnold a kujera, ya dubi Neville ya ce, "Ka makara, tsoho." Iyakar godiyar da ake yi a nan ke nan, kuma Neville ya gane.

Kai ne, Neville, ka riƙe tudun nan da gwiwoyinka har suka ƙare. Kai ne ba ka taɓa tambayar ƙofar wa kake sharewa ba, har ta Trevor. Gwarzon asuba, mun gode, ko da yake godiyarmu ta labule ce. Ku kuma maƙwabta, na roƙe ku, ku daina karanta mini dokar da ba ku taɓa gani ba. Shebur ba ya cizo.

Makon jiya Neville ya ajiye aiki, zai koma wurin 'yarsa a bakin teku, inda ƙasa take a shimfiɗe. Muka taru a kwana, aka yanka kek, Trevor ma ya yi jawabi, har da share ido. Neville ya jingina sheburinsa da akwati, ya ce ya bar wa layi, ya sauka tudu yana ɗingishi.

Glenys ta dubi sama, ta dube mu.

"An ce daren Laraba za a yi dusa, Arnold kuma ranar Alhamis yake da asibiti. Wa zai ɗauka?"

Wani ya duba agogo. Trevor ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.