Zuriyar Guntuwa ta ƙare a Zagga

Shekara sittin ke nan da rasuwar yayana Ummaru. Na zauna in yi masa kuka a wannan fili kamar yadda na saba, na nemi hawayen na rasa. To, bari in faɗi abin da ya faru kawai.

A Geza muka tashi, gidan noma da kiwo. Yaya Ummaru yana da wasu shanu gajeru masu ɗan guntun tozo, irin da ake kira keteku. Dukkansu jikokin saniya ɗaya ne da kakarmu ta zo da ita daga ƙetare, sunanta Guntuwa. A wajenmu ta uwa ake bin asalin shanu, ba ta uba ba. Sai ya dafa maraƙi ya jero maka uwarsa, da uwar uwarsa, har ya dire a kan Guntuwa, bai yi tuntuɓe ba. Mace daga zuriyar kuwa ba a kai ta kasuwa, ko gari ya ƙare a rumbu.

Mutane na yi masa tsiya. In ya koro su sai ka ji an ce, "Ummaru, waɗanga awaki naka yaushe za su girma?" Shi ko a jikinsa. Yakan ce masu dogon ƙaho da ƙaton tozo baƙi ne, nasa su ne 'yan ƙasa, shi ya sa cizon tsando ba ya kayar da su a fadama.

Bayan an samu 'yancin kai, kowa ya koma wa manyan bijimai saboda su kasuwa ke so. Ya nemi gajeren sa na barbara duk yankinmu ya rasa. Sai ya tsallaka Dahome, ƙasar da yau ake ce wa Benin, da ƙafa, cikin damina. Ya samo san, amma ya dawo da zazzaɓi. A Illo ya kwanta, bai iso gida ba. San ne ya iso.

Jikana mai karatun halittu a jami'a ya taɓa zaunar da ni ya ce, masu tozo da marasa tozo duk daga wani san daji ɗaya suka rabu tun fil azal, shi kuma ya daɗe da ƙarewa a duniya. Marasa tozo suka riga isowa ƙasashenmu, masu tozo suka biyo baya, keteku kuwa daga haɗuwarsu ya fito. Na ce a raina, da Yaya ya ji wannan, ina jin dariya zai yi ya ce ashe baƙin nan ma dangi ne. Ko kuwa zai tambaya ne, wa ya bari na dajin ya ƙare? Ban sani ba. Na daina jin muryarsa sosai.

Ɗiya ɗaya ya bari, Hajo, ita ta gaji garken ta tafi da shi Zagga. Ta yi iya yinta, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi: 'ya'yanta birni suka nufa. Fari ya ci wasu shanun, ɓarayi suka kora wasu, har ya rage saniya ɗaya, ta tsufa tana haifar maza.

Bana aka yi bikin jikar Hajo. Da hantsi Hajo ta ja ni gefe ta ce, "Baffa, saniyar ba ta iya tashi kuma. In mun bar ta, mushe za ta yi. Mi ka gani?" Na ce a yanka.

Me ya rage na Yaya Ummaru? Kabarinsa a Illo ya baje, ba mai iya nuna shi. Ko hoto bai bari ba. Akwai Hajo da jikokinta, Allah ya raya su, sai dai yawancinsu ba su san sunansa ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.

Da azahar aka kawo mini kwano, tuwon shinkafa da tsoka biyu a kai. Na san naman wace ce. Na yi bismilla, na cinye.