Famfo Mai Lamba Bakwai

Baba Kwalba ake ce masa, kuma ba ya jin haushi, don shekara ashirin da shida ya yi yana yawo da kwalabe. Aikinsa a hukumar ruwa ɗibo ruwan gwaji ne. Litinin ɗin farko ta kowane wata zai ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur, ya zaga famfuna goma sha biyu da aka rubuta masa, ya cika kwalba ɗaya a kowanne, ya kai ɗakin awo kafin ƙarfe biyu. Ba kuwa cikawa irin tawa da taka ba. Sai ya goge bakin famfo da auduga, ya kara masa harshen wuta don kashe ƙwayoyin cuta, ya bar ruwa ya zuba minti uku cif yana kallon agogo, sannan ya tara kwalba yana riƙe numfashi. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya, wai shi bai taɓa yi wa takardar aiki ƙarya ba. Ya faɗa, ya maimaita, har ya ishi mutane.

To, famfo mai lamba bakwai, na bayan tsohuwar tashar mota, ya ƙafe shekara tara da suka wuce. Ko ɗigo. Watan farko Baba Kwalba ya koma da kwalbar a bushe, ya rubuta "babu ruwa". Shugaban sashensu ya juya takardar gaba da baya.

"Ina ka ga gurbin babu ruwa a nan? Gurbi biyu ne, mai kyau da marar kyau."

"Yallaɓai, famfon ne ya ƙafe."

"A takarda bai ƙafe ba. Kwalba goma sha biyu aka ba ka, goma sha biyu za ka kawo."

Bawan Allah ya rasa yadda zai yi da ransa. Hannunsa dai ba zai cika kwalbar ƙarya ba. Sai ya ɓullo da dabara: da safe ya ajiye kwalba ta bakwai a kan teburin kicin, ya yi gyaran murya, ya fita goge babur. Da ya dawo ya tarar matarsa ta cika ta, ta rufe. Bai tambaya ba, ba ta ce komai ba. Haka suka yi ta yi wata bayan wata, shi kuwa ya ci gaba da bugun ƙirji, tunda ai ba hannunsa ba ne.

Abin haushin, lamba bakwai ya zama zakaran gari. Duk awo babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Aka sa shi a rahoton shekara, aka yaba wa unguwar, har aka tura mai fenti ya shafa masa shuɗi. Mai fentin ma mutumin takarda ne, fenti aka ce ya yi, bai murɗa famfon ba. Wani mai aski ya ga ƙarfe mai kyau a tsaye ba aikin fari balle na baƙi, ya rataya madubinsa a jiki, ya kafa benci.

Shi kuma Baba Kwalba, tunda ya san daga inda ruwan yake fitowa, sai kansa ya kumbura. Ashe ruwan layinsu ne babu kamarsa a gari. Maƙwabcinsa tela ya taɓa tare shi a ƙofar shago.

"Baba, yaran nan cikinsu ya ƙi zama lafiya. Anya ba ruwan nan ba ne?"

"Ruwan layin nan? Nemi wani dalilin. An auna, ni na san abin da ba ka sani ba."

Saura masa wata biyar ya ajiye aiki, matarsa ta tafi jinyar yayarta. Ranar Litinin ya ajiye kwalba a tebur, ya yi gyaran murya, ya fita ya goge babur har yana ƙyalli. Ya dawo, kwalba na nan yadda ya bar ta. Sai a lokacin ya tuna babu kowa a gidan. Ya daɗe tsaye yana hararar kwalbar. Daga ƙarshe ya ɗauko auduga, ya kara wa famfon kicin harshen wuta, ya jira mintinsa uku, ya cika da hannunsa yana jin kamar ya yi sata.

Bayan kwana biyu ma'aikaciyar ɗakin awo ta leƙo ta kira shi. Ta nuna masa ɗan farantin gilashi da ake ɗiga ruwan gwaji a ciki don a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro, ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa tsatsa.

"Baba, lamba bakwai ne. Wannan ko wanki ba zan yi da shi ba."

Hukuma kuwa ba ta yi wasa ba. Kafin yamma an je da mota biyu, an naɗe famfon da sarƙa, an datse da kwaɗo, an kafa allo cewa kada kowa ya sha. Mai aski ya yi ta mita, wai ina ake so ya rataya madubi.

Baba Kwalba ya kasa cin abinci. Ruwan gidansa ne, ruwan layinsu ne, kuma shi kaɗai ya sani. Washegari ya shiga ofishin shugaba, ya zayyana komai daga farko. Shugaba ya tashi ya tura ƙofa.

"Layin naku lamba nawa ne?"

"Ba ya cikin lambobin, yallaɓai."

"To ba mu auna shi ba. Shekara tara ina sa hannu a takardun nan, kana so in ce na ji me? Ban ji komai ba. Je ka ƙarasa watanninka da mutuncinka."

Wato an ba shi sunansa mai kyau ya riƙe, shiru kawai ake so ya yi.

Da matarsa ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ya ce mata ruwansu ya lalace a wannan watan.

"Wannan watan?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Baban yara, ai ni tafasa shi nake yi, in tace, in bari ya huce. Ruwan da za a kai ofis, a gan shi da datti a ce daga gidana ya fito?"

"Tun yaushe?"

"Tun kwalbar farko. Namu na sha ma haka nake yi. Kai ka ɗauka don ado tukunyar nan take kan wuta kullum?"

Ya nemi kujera ya zauna. Da ƙyar ya ce, "Maƙwabta fa?"

"Na gaya wa matar tela ta riƙa tafasawa. Ta ce maigidanki ya ce an auna."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Ya zura takalmi ya fita.

Tela na kan keke, ƙaramar 'yarsa na kwance a benci, kofin ruwa a gefenta. Baba Kwalba ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi duka, da famfon da ya ƙafe, da gyaran murya, da tukunya. Bai rage komai ba. Tela ya ɗauke ƙafa daga keken.

"Baba, ai kai ka ce an auna."

"Ni na ce. Ba wanda kuke sha aka auna ba."

Tela bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Tashi ya yi ya ɗauki kofin ya watsar da ruwan a waje, ya koma ya taɓa goshin yarinyar, bai ƙara duban inda tsohon yake ba. Baba Kwalba ya ɗan jira, sannan ya juya. Gida talatin da ɗaya ne a layin. Ya matsa ƙofa ta gaba ya yi sallama.