Hoton da Ke Jikin Faifan Mijinyawa

Rabiou mutumin Maraɗi ne. Ya yi bokon Faransanci, har ya koyar a firamare shekara huɗu kafin ya sauka Dubai a 2003. Aikin da ya samu a wani ɗaki ne, a saman shagon kayan yaji a unguwar Al Ras, inda Alhaji Sabo ya jera na'urorin kwafar faifai. Duk Asabar da la'asar, wani gidan rediyo a Nijar yakan karanta jerin faifai goma da suka fi tafiya a makon, na mawaƙan da ke buga aikinsu da kansu ba tare da kamfani ba. Wani abokin cinikin Alhaji a can Nijar yakan bugo ya kara wayarsa a bakin rediyo, Rabiou kuma ya rubuta biyar na sama. Su ake kwafa a cika kwalaye a tura gida. Faifan asali kaɗai gidan rediyon yake lissafawa, kuma Rabiou ya san haka sarai.

Wata Asabar a 2006 ya ji sunan ƙanensa Mijinyawa a mataki na uku. Shekara biyu Mijinyawa ya yi yana haɗa waƙoƙi takwas na faifan, kullum bayan ya tashi daga shagon ɗinki.

"Yalla malam, rubuta mana," in ji Alhaji. "Ko biron ne ya ƙare?"

Rabiou ya rubuta. Bai faɗa cewa cikinsu ɗaya da mawaƙin ba, domin bizarsa a hannun Alhaji take.

Da faifan asalin ya iso, sai ya ga hoton bangon ya yi dishi-dishi, fuskar ma da ƙyar ake gane ta. Mutumin da ya saba ja wa ɗalibai layi da rula bai iya jure wannan ba. Ya ciro daga jakarsa hoton da aka ɗauki Mijinyawa ranar Sallah a tsakar gidansu, ya sa shi a madadin wancan, yana gaya wa kansa cewa ko ba komai ƙanen nasa zai fito da mutunci.

Masu saye suka fi son bugun Dubai. Cikin mako huɗu Mijinyawa ya sauko na tara, daga nan ba a ƙara jin sunansa a jerin ba.

Ranar wata Juma'a bayan an taso daga masallaci, wayar Mijinyawa ta shigo.

"Yaya, barka da aiki. Naka ya fi nawa kyau."

"Wane nawa kuma?"

"Hoton nan guda ɗaya aka wanke, kai ka tafi da shi. Inna ce ma ta fara gane shi, saboda zaninta da ke shanye a bayana."

Rabiou ya tsaya a bakin titi, amalanken kaya yana neman hanya, ya kasa matsawa.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi in tambaye ka ko kana samun abinci a can."

A watan ya bar wurin Alhaji, ya koma ɗaurin kwalayen kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Mijinyawa bai sake buga faifai ba. Fatake masu dawowa daga Maraɗi sukan ce Inna ta jingina bangon Dubai ɗin a kan kwabarta, tana nuna wa baƙi. Idan suka fara wannan labarin, Rabiou yakan tashi ya ce zai je ya duba kaya.