Jan Biro Ya Maido Ni Kan Littafi

Jiya na karanta shafi ashirin da biyu a zama ɗaya, kuma idona bai yi zafi ba.

Na san na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta aiko da saƙo, ku yafe mini, allon waya ne ba na iya kallo.

Ga wanda bai sani ba, ina fama da cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar hannu da nauyin jiki. Ita ta sa na ajiye aikin tace labarai a jarida na dawo gida Garo. Na haƙura da tuƙi, na haƙura da rubutu mai kyau. Karatu kaɗai ya rage mini.

Bara shi ma ya fara suɓucewa. Layi uku, sai haruffa su narke. Ido kamar an zuba yashi, ga hawaye ba dalili. A wurin ɗaurin aure ma sai da wani ya ɗauka kuka nake, ya dafa ni ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri."

Ga kuskurena. Na ce tunda ruwa ya yi yawa, a busar da shi. Na jawo fanka na saita ta daidai fuskata, ina karatu tana kaɗawa. Wata huɗu ina haka.

Yayata Hajiya Kande ta zo daga Kara da kwallinta. "Kai Sani, boko ya cinye maka ido. Zauna in rambaɗa maka." Na zauna. Ya ƙara raɗaɗi.

Ranar da na kasa karanta takardar maganina, na sa aka ɗaure littattafaina a kwalaye, zan bai wa wata makaranta a Gwarzo. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka makanta ce.

Maiɗakina Rabi ta tare ƙofa. "Malam, kwali ko ɗaya ba zai fita ba sai likitan ido ya gan ka."

Muka tafi Kano, har da Hajiya Kande. Kati, layi, jira har azahar. Likitar ta maƙala mini siririyar takarda a fatar ido don auna hawaye, ta ɗiga wani ruwa rawaya, ta haska da shuɗiyar fitila. Sai ta miƙo mini jarida ta ce in karanta, ta zuba mini ido.

"Baba, ka san ba ka ƙifta ido?"

Na ce ban lura ba.

Ta ce cutar Parkinson tana rage ƙiftawa, karatu kuma yana ƙara ragewa. Ido ya bushe, shi ne yake zubo da hawaye tsinkakke wanda ba ya zama. Ta ga ƙananan ƙujewa a saman ƙwayar idon hagu. Da na ba ta labarin fanka sai ta ajiye biro.

"Fanka? A fuska?"

Rabi ta ce, "Lamba uku ma, likita."

Ba makanta ba ce! A mota na yi ta maimaita wa Rabi, har ta ce ai tana wurin aka faɗa.

An rubuta mini maganin ɗigawa mai aikin hawaye. Yana da tsada, kuma daga Kano ake sayo mana. Hannuna ba ya iya saita kwalbar, rabi a kunci yake ƙarewa, don haka Rabi ke ɗiga mini bayan kowace salla. Safe da yamma tsumma mai ɗumi a kan ido. An juyar da fanka bango. An dakatar da kwalli, Hajiya Kande har yanzu tana ƙorafi.

Saura ƙiftawar. Ina shiga labari nake mantawa. Rabi ce ta tono tsohon jan birona na ofis. Ta ɗauki littafi, duk bayan layi biyar ta ɗiga ja a gefe.

"Shekara nawa kana bin jan biro? In ka ga ja, rufe ido ka buɗe."

Wallahi ya yi aiki. Idon da ya saba tsayawa a kan ja ba ya tsallake shi. Yanzu tana gabana da babi biyu, har ta fara gaya mini wanda zai mutu.

Parkinson tana nan, ban warke daga ita ba. Amma an kwance kwalaye.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar, na gode wa Rabi, na gode wa Hajiya Kande da ta biyo mu har Kano.

In kuna da mai irin wannan cuta, ku lura da ƙiftawarsa. Yawan hawaye na iya zama bushewa. Kada ku sayi maganin ido a kemis da ka, ku kai shi a duba. Ku gaya wa likitan ido duk magungunan da yake sha. In hannunsa na rawa, ku ɗiga masa da kanku.

Ƙujewar idon hagu kuwa, a jina ta warke. Likita ba ta tabbatar ba tukuna. Ranar Alhamis za ta sake haskawa.