Makon da Firmin Bai Samu Ba

Ranar Talata, tara ga Satumba, ina cikin tatsar safe Odile, matar maƙwabcina, ta faɗo garkena ko takalmi babu, ta ce mijinta ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar shanu. Kafin likita ya hauro duwatsun nan namu na Cantal, Firmin Delpuech, maƙwabcina na shekara arba'in, ka riga mu gidan gaskiya.

Mai shanun tatsa ɗaurarre ne, igiyar ce kawai ba a gani. Safe da yamma, Lahadi da Kirsimeti, saniya ba ruwanta da hutu. Kai ka kawo mana dabara shekara goma sha ɗaya da suka wuce: ka riƙe mini garkena mako guda in tafi hutu, in na dawo in riƙe maka naka.

Kuma kai ne mai zaɓa mini wurin zuwa, kai da ba ka taɓa wuce Clermont ba. "Tafi Bretagne, Anselme, iskar teku ta wanke maka tarin nan." Na je. Wata shekarar ka ce Alsace, in ga gidajen katako in ci kabeji mai tsami har in gode Allah. "Provence kuwa ka kai matarka kafin a yanke furannin ƙamshin nan, ko ta rage harararka." In na dawo sai ka zaunar da ni ka yi ta tambaya, har kana gyara mini sunayen garuruwan da na taka da ƙafata, don duk ka haddace su a takardun talla.

Naka makon fa? Bana ka ce saniya za ta haihu, baɗi ka ce ciyawa ba ta bushe ba. Ni kuma ban taɓa matsa maka ba, don hakan ya yi mini daidai. A watan Yuli da ya wuce ka kama ɗaki a Saint-Malo, ka ce kana so ka ga ruwan tekun nan da ke janyewa ya dawo. Ni na zo na ce bayana na ciwo, ku ɗaga tafiyar sai Oktoba. Ka yi dariya ka ce, "Tsohon raggo, ai tekun ba guduwa zai yi ba." Ciwon bai kai haka ba, Firmin. Tatsar garke biyu na ji wa ƙiwa, kuma wannan abu yana cin raina.

Yanzu shanunka talatin da takwas suna kuka a ƙofar Odile sau biyu a rana. Babu ɗa a gida, babu mai saye sai sanyi ya wuce. Jiya ta ce mini ɗakin nan na Saint-Malo yana nan da sunanku, amma wa za ta bar wa dabbobin? Na ce ta haɗa jakarta kawai. Ni da na ga yawan mako guda, ga su a hannuna babu ranar saukewa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ya ba Odile da ƙanwarka Solange haƙurin wannan rashi. Ni kuma ya yafe mini, tunda kai ba ka tsaya na roƙe ka ba.